Sunan da Ba a Yanka wa Rago Ba

Wata Asabar bayan la'asar na sauka a Katabu, gidan ƙanwata, na tarar da ɗanta a zaure ya tasa kwamfuta a gaba kamar mai zaman makoki. Tsohuwar laftof ce 'yar gwanjo, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta take numfashi, ranar kuwa da janareton maƙwabci ake lallaɓawa. Daga bakin titin Kaduna zuwa Zariya ana jiyo gurnanin tireloli da tankokin man da ke yada zango a Mararrabar Jos. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba.

"Kawu, jiya fa da hannuna na raɗa masa suna, ya amsa. Yau na kira, wai bai san shi ba."

Linux yake koyo, samfurin Ubuntu, kuma ya kai matakin da ake ajiye hotunan da ake latsawa a koma baƙin allo, inda mutum ke rubuta umarni da yatsunsa injin ya aikata. Tsakanin mai rubutu da cikin injin akwai wata manhaja mai karɓar magana tana isarwa. Turawa sun kira ta da kalmar da ke nufin ɓawo, don ta lulluɓe ƙwayar tsarin kamar yadda ɓawo ke lulluɓe gyaɗa. Ni tafinta nake ce mata, domin aikin da take yi ke nan. Wadda ke cikin injin yaron sunanta Bash.

Umarnonin da tafintar ke ji guntaye ne, kamar an tsinke musu wasula: ls ya jero abin da ke cikin folda, cd ya kai ka wata folda, rm ya goge fayil. Gadon Unix ne, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a 1969 a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, zamanin da ake magana da kwamfuta ta wata na'ura mai kama da tafireta wadda ke buga harafi goma a daƙiƙa. Mai irin wannan na'ura dole ya yi tsimin harafi. Yaron nawa dai bai ga dalilin da zai sa ya yi ta haddar baƙaƙen wasu ba alhali yana da bakin uwarsa. Sai ya rubuta alias duba='ls -la', ya ƙara da alias koma='cd ..', ya kira duba injin ya jero masa fayiloli, ya kira koma ya mai da shi baya. Ya kwanta yana jin ya koya wa kwamfuta Hausa. Gari ya waye ta manta.

Wannan kam ba ta ba ni wuya ba. Sunan da ka furta a tagar da ka buɗe, a tagar yake zaune, in ka rufe ta ya bi ta. Mai son suna ya ɗore sai ya rubuta shi cikin wani ɓoyayyen fayil da ake kira .bashrc, wanda tafintar ke karantawa duk lokacin da aka buɗe sabuwar taga, kamar mai duba allonsa da asuba. Na ce masa, "Ɗana, kai da ke zaune a Katabu ai bai kamata a tuna maka rubutu ba." Almajiri in ya ji sunan garin, kunnensa kan kai shi ga kalmar Larabci mai nufin "sun rubuta". Wasan kunne ne kawai, amma ya yi dariya, ya rubuta. Da ya kira bai samu amsa ba, domin tagar da ke buɗe ta riga ta yi karatunta tun kafin a ƙara layin. Ya rufe, ya buɗe wata, duba ya dawo.

A hanyar komawa gida abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar da ya zaɓa. Bai ce ya saita ba, bai ce ya shigar ba, cewa ya yi ya raɗa. Kuma ya yi daidai. Kalmar alias daga Latin take, ma'anarta "a wani lokacin" ko "ta wata fuskar", kuma kafin kwamfuta an fi jin ta a bakin 'yan sanda da takardun kotu, inda mu za mu ce "wanda aka fi sani da". Mu kuwa kalmominmu na wannan fage sun fi ɗaya. Akwai laƙabi, wanda muka aro daga Larabci. Akwai inkiya. Akwai alkunya, sunan da ake sakayawa da shi don nauyin bakin faɗin na ainihi. Sai kirari, wanda shi ba don a taƙaita ake yinsa ba, don a tsawaita ne a kumbura mai shi. Duk cikinsu laƙabi ya fi dacewa da abin da yaron ya yi, kuma da na bi sauran matsalolin da ya ci karo da su a makonnin da suka biyo, sai na ga kusan kowace na taɓa ganin irinta a tsakar gida.

Bahaushe yana da suna guda da aka yanka wa rago ran bakwai, liman ya yi addu'a, maroƙi ya shelanta, aka raba goro. Sauran sunayensa ba wanda ya tara jama'a dominsu. Wani rana ce ta ba shi: Ɗanladi, Ɗanjuma, Talatu, Asabe. Wani sahun haihuwa ne: Tanko da ya biyo mata, Kande da ta biyo maza, Gambo da ya biyo tagwaye. Wani kuma sunan yankan ne ke tafe da ɗan rakiyarsa, kowane Abubakar Garba ne, kowane Usman Shehu, Umaru Sanda, A'isha Indo, Hauwa'u Kulu. Ɗan ƙanwar tawa sunan mahaifinmu aka mayar masa, ga shi ɗan fari, don haka tun da aka haife shi ban taɓa jin uwarsa ta kama sunansa na yanka ba. Kunya biyu ta haɗu mata a kan mutum ɗaya. Sunan da take kiransa da shi babu shi a kowace takarda, amma in ta ɗaga murya daga madafa ba ya tambayar wa ake nufi.

Tafintocin farko ba su san laƙabi ba. Wadda Stephen Bourne ya rubuta, ta fito a 1979, sunan yanka kaɗai take ji. Bill Joy, yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙarshen shekarun 1970, shi ya sa dabarar cikin tasa tafintar, daga baya Brian Fox ya ɗauke ta cikin Bash da ya fitar a 1989. Sunan Bash ɗin ma wasa ne da sunan Bourne, wanda a kunnen Bature ya yi kama da kalmar haihuwa, suka ce ga Bourne an sake haifarsa. Ashe su ma suna mayar da suna.

Mako biyu bayan zuwana Katabu yaron ya kira ni a waya. Ya tara umarnoni cikin fayil guda don injin ya riƙa bin su da kansa ba sai ya zauna yana bugawa ba, ya sa duba a layi na uku, injin ya ce bai san wani duba ba. "Kawu, na rubuta shi a inda ka ce fa. In na buga da hannu yana yi."

Dalili shi ne Bash tana da hali biyu. In mutum na zaune gabanta suna musayar magana, tana karanta .bashrc, tana kuma fassara laƙubba. In kuwa takarda aka miƙa mata ta aiwatar ba kowa a gabanta, ba ta buɗe wancan fayil, kuma ko a cikin takardar ka raɗa laƙabin ba za ta kula shi ba sai ka fara kunna mata wani zaɓi da ake kira expand_aliases. Da gangan aka yi haka. Rubutaccen jerin umarni abu ne mai tafiya, yau yana injinka gobe yana na wani a Legas ko Yamai, kuma in ma'anarsa ta dogara da sunayen da ka raɗa a ɗakinka, to kowane gida ya shiga zai faɗi wani abu daban.

Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa banki ya san wannan hali. Ka ɗauki macen da unguwa kaf ke kira Binta, mijinta da 'ya'yanta da 'yan adashinsu, har ta buɗe asusu da sunan tun shekarun baya, sannan aka zo yin katin ɗan ƙasa wani ɗanta ya ba da Fatima, don shi ne na yanka. Tun da aka shigo da lambar BVN a 2014, aka kuma matsa kan lambar NIN, irin waɗannan mata da maza sun sha zirga-zirga. Ma'aikacin da ke bayan kanta Bahaushe ne, ya san Binta ita ce Fatima kamar yadda ya san sunansa, wataƙila ma sunan yayarsa ke nan. Amma ba shi ake tambaya ba. Takarda ce ke magana da takarda, kuma a can ba mai cewa "ai ita ce". Sai an je kotu an yi rantsuwa, wani lokaci har da cigiya a jarida, kafin mace ta tabbata ita ce kanta. Na daɗe ina jin haushin wannan, har yanzu ma ina ji, sai dai zama da yaron nan ya sa na rage zagin injin. In aka bar na'ura ta riƙa cewa "ai ita ce" bisa zato, wata rana kuɗin wata Fatimar za ta miƙa wa wata Bintar.

Akwai laƙubban da suka tsallake wannan shinge don masu su sun shigar da su takarda tun da wuri. Maitama laƙabin Yusufu ne, amma marigayi Ɗanmasanin Kano da shi duniya ta san shi, Yusuf Maitama Sule. Shugaban ƙasar da ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983 Usman ne, Shehu Shagari ake cewa. Gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna da aka zaɓa a 1979 aka tsige a 1981 sunansa Abdulƙadir, amma ka tsaya a Kawo ka ce Abdulƙadir Musa ka ga ko wani zai waiwayo. Sai ka ce Balarabe.

Tunda na ambaci Kawo: kwandasta a can in ya ce "Mararraba", ba ya buƙatar ƙari, kowa ya san ta Jos yake nufi, mutanen Katabu su shiga. Ka ɗauki kalmar nan ka kai ta Abuja ka faɗa wa direba, sai ka tsinci kanka a Jihar Nasarawa, bayan Nyanya. Kalmar ba ta sauya ba, tashar ce ta sauya. Haka wanda ya kwashe laƙubbansa ya koma kwamfutar Apple zai kira su shiru, domin tun 2019 tafintar da kamfanin ke sa wa sababbin masu amfani zsh ce, ita kuwa .zshrc take karantawa.

Cikin matsalolin yaron, wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta sudo. Kalma ce da ake gabatarwa in umarni na buƙatar ikon mai gida, kamar girka manhaja ko taɓa fayilolin tsarin. Yaron ya raɗa sabunta a madadin apt update, ya buga sudo sabunta, aka ce ba a san shi ba. Abin da ke faruwa shi ne tafintar kalmar farko kaɗai take dubawa ko laƙabi ce. Ta ga sudo, ta ce wannan sunan yanka ne, ta miƙa masa sauran yadda suke, shi kuwa sudo bai taɓa zama a zauren da aka yi raɗin ba. Kamar ka je fada ka ce wa dogari ya yi maka iso da sunan da abokan wasanka ke kiranka. Maganin da masu Bash suka tanada shi ne ka yi wa sudo kansa laƙabi da sunansa, ka bar fili guda kafin ka rufe: alias sudo='sudo '. Ƙa'idar ita ce in fassarar laƙabi ta ƙare da fili, tafintar za ta duba kalmar da ke biye ita ma.

Ya kalli layin ya kalle ni. "Kawu, ai ba ka rubuta komai ba." Na ce ya buga ya gani. Ya buga, ya yi.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba, mu da rabin ma'anarmu ba ta hawa takarda. Mun rubuta gari, ba mu nuna ko na zama ba ne ko na tuwo. Mun rubuta kuka, mai karatu ya zaɓa tsakanin hawaye da miya. Wuya tana iya zama ta jiki, tana iya zama ta rayuwa. Karin sauti da tsawon wasali ne ke rarrabewa, kuma boko ya bar su a baki. Mu muna cike gurbin da sanin zance, injin kuwa gurbin yake ƙirgawa. Filin da ya gyara sudo, in ka sa irinsa gefen alamar daidai, ka rubuta alias duba = 'ls -la' don ya yi kyan gani, ka ɓata raɗin gaba ɗaya, tafintar za ta ɗauka tambayarta kake ko ta san wani mai suna duba.

Sai alamar zance, wadda na fi daɗewa ina juyawa a rai. Iri biyu ce, tilo da tagwaye. Yaron ya so laƙabin da zai gaya masa foldar da yake ciki, ya rubuta alias ina="echo $PWD" da tagwaye. Ya kira ina, aka ba shi amsa daidai. Ya shiga wata folda ya kira, aka maimaita masa ta farko. Ya zaga injin kaf, ina na nan kan bakansa. Tagwayen alama suna sa tafintar ta fassara abin da ke ciki nan take, ranar raɗin suna, ta daskarar da shi. Tilo kuwa tana ajiye maganar yadda take, sai an kira a duba yadda al'amari yake a lokacin.

Sunayenmu ma haka suka rabu, ko da yake ban taɓa jin malamin nahawu ya raba su ta nan ba. Akwai Auta da aka yi wa ƙane bayan shekara huɗu, ya ci gaba da zama Auta har ya yi furfura. Akwai Amarya mai jikoki, wadda aka yi wa kishiya biyu a bayanta, unguwa ba ta fasa ce mata Amarya ba. Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari yana sabo. Waɗannan duk da tagwayen alama aka raɗa su, gaskiyar rana ɗaya ce aka kulle a cikinsu, kuma mai kiran ba ƙarya yake ba, tarihi yake faɗa bai sani ba. Amma in ka ce Sarki, ko Liman, ko Mai Unguwa, sai an duba wanda ke kan buzun a yau. Rigingimu da yawa da na gani a zumunci daga nan suke tasowa: ana kiran mutum da sunan da ya daskare, ana kuma sa ran ya yi halin ranar da aka raɗa masa shi. Autan da ya kai arba'in har yanzu ba a sa shi cikin shawara.

Wani ɗan abin dariya a gefe. Yaron ya so ya raɗa laƙabi mai suna 'yan, tafintar ta tsaya tana jiran ya rufe zancen da ya buɗe. Alamar da mu a Nijeriya muke sa wa 'ya'ya ita ce tilon alamar zance a wurinta, kuma an hana ta shiga sunan laƙabi. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta harafin da ƙugiya, ƴ, wannan tarkon bai shafe su ba. Ya kuma so ya sa wa umarnin gogewa suna share, na ce ya rufa wa kansa asiri, ranar da abokinsa mai jin Turanci ya zauna gaban injin zai karanta shi da ma'anar rabawa, ya aika aikin wata guda lahira da niyyar kyauta.

Gogewar ce ma ta kawo mu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Umarnin rm ba ya tambaya, ba ya kuma ajiye abin da ya goge a kwandon shara. Don haka mutane da yawa sukan rubuta alias rm='rm -i', wato su lulluɓe sunan yanka da laƙabi mai irin harafinsa, yadda duk lokacin da suka ce a goge sai an tambaye su ko sun tabbata. Tafintar ba ta ruɗewa da wannan, ba ta fassara suna ɗaya sau biyu. Mutum ne ke ruɗewa. Yaron ya yi wata biyu da wannan laƙabi, hannunsa ya saba da cewa rm mai ladabi ne, yana neman izini. Rannan wani abokin karatunsa ya ba shi laftof ya taya shi rage tarkace, ya buga rm da alamar tauraro mai nufin duk fayilolin, yana jiran a bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsa. Ba a tambaye shi ba. Allon ya sauko layi na gaba shiru, babi uku na aikin abokin sun tafi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ko da yake ban faɗa masa haka ba a ranar, idonsa ya riga ya yi ja.

Sauran laƙubban da suka ƙi aiki ɓata masa lokaci kawai suka yi. Wannan da ya yi aiki kullum ba fashi shi ya cuce shi, don ya ɓoye masa halin mai sunan. Da goge ya kira shi, da ya je baƙon inji an ce ba a san goge ba, ya tuna ba a gida yake ba. Laƙabin kirki ya kamata a ji shi a san laƙabi ne. Uwarsa ba ta taɓa mantawa da sunan da take sakayawa ba, saboda ta san shi ne ma take kauce masa.

Da na koma Katabu bayan sallah na nuna masa abubuwa biyu da ya kamata a ce da su na fara. In ka rubuta type ka bi shi da kowane suna, tafintar za ta gaya maka ko wane ne shi a wannan ɗakin, laƙabi ne ko na yanka, in laƙabi ne kuma wa yake nufi. In kuma ka sa karan nan mai jingina baya kafin suna, ka rubuta \rm, ka tsallake duk wani laƙabi ka kira mai sunan kai tsaye. Ya buɗe .bashrc a gabana ya cire layin rm, ya bar duba da koma da sabunta, ya mayar da ina cikin tilon alama.

Mai karatu, in kai ma kana da wannan layin na rm a injinka, ka buɗe fayil ɗin yau ka sauya masa suna.